Dandalin Kwamfuta: Idan gem ya ƙi ganin hannunka

 Muna fata jarrabawa ta zo da sauƙi, kuma kowa ya fara ƙidayar kwanakin da suka rage a ba da hutu. Mun san da yawanku sun riga sun tsara yadda za su cinye hutun: islamiyya da safe, aiken gida, sai kuma ɗan gem da yamma a kwamfutar yaya ko ta baba, in an sami sa'a an ba da aro. To a kan wannan ɗan gem ɗin ne za mu tattauna a yau, domin akwai wata matsala da take cin ran masu wasa da yawa, kuma garin neman maganinta wasu suke janyo wa kwamfutar gida ciwon da ya fi na farko.

Abin da ya faru a gidanmu

A hutun da ya wuce ƙaninmu, ɗan aji biyar na sakandare, ya tara kuɗin tara na makonni, ya je kasuwa ya sayo hannun gem, irin mai igiyar nan da ake soka wa kwamfuta, wanda kuka fi sani da fad. Ya dawo gida yana murna, ya lallaɓa Anti ta ara masa kwamfutarta, ya soka hannun, ya buɗe gem. Shiru. Ya danna wannan, ya murɗa wancan, ɗan wasan da ke cikin gem ko gezau. Ya koma wurin mai shago da faɗa, mai shago ya gwada a tasa kwamfutar, hannu lafiya lau.

Daga nan wani abokinsa ya ce masa akwai wata manhaja da ke gyara wannan. Ya shiga intanet, ya danna shafin farko da ya gani, ya sauke abin da aka miƙo masa. Bayan kwana biyu sai ga shi a ƙofar ɗakinmu, murya ƙasa-ƙasa:

"Yaya, don Allah zo ka duba. Gem ɗin bai yi ba, kuma yanzu tallace-tallace ne suke ta fitowa da kansu. In Anti ta gani na kaɗe."

Ashe ba manhajar ya sauke ba, wata jabu ce da ta zo da gayyar baƙi. Kuma a cikin wannan kwamfuta aikin kammala karatun Anti yake, saura mako biyu ta miƙa. Kafin mu taɓa komai sai da muka kwafe aikin nata a filashi, sannan muka shiga shara. Mun ɗauki dare guda muna yi. Abin da muka koya masa bayan nan shi ne za mu koya muku yanzu.

Me ya sa gem ba ya ganin hannun?

Ba hannun ne ya lalace ba, yare ne ya bambanta. A kan Windows akwai hanyoyi biyu da hannun gem yake magana da gem. Tsohuwar hanyar sunanta DirectInput, tana nan tun tsakiyar shekarun 1990. A shekarar 2005, da kamfanin Microsoft ya fito da na'urar Xbox 360, sai ya kawo sabuwar hanya mai suna XInput, wadda aka tsara domin hannun wannan na'urar. Masu ƙera gem suka ga ta fi sauƙin aiki, domin kowane maɓalli yana da wurinsa sananne, sai da yawansu suka rungume ta suka watsar da tsohuwar.

Su kuwa hannayen nan masu araha da suka cika kasuwanninmu, yawancinsu da tsohon yare suke magana. To ka ga hannu yana ta surutu da DirectInput, gem kuma ya kasa kunne yana jiran XInput. Kamar ka haɗa wanda ba ya jin sai Fulatanci da wanda ba ya jin sai Kanuri ne, ka ce su yi ciniki. Dole a nemo tafinta.

Tafintan shi ne wata manhaja mai suna x360ce. Ba Microsoft ne ya yi ta ba, wasu masu sha'awar gem ne suka rubuta ta don ra'ayin kansu, suka sake ta kyauta, kuma duk mai so yana iya ganin yadda aka rubuta ta a shafin GitHub. Aikinta sojan gona ne: tana karɓar saƙon hannunka, ta juya shi, ta miƙa wa gem a matsayin saƙon hannun Xbox 360. Gem ya yarda, wasa ya tafi. Sai dai da yake ba kayan kamfani ba ce, babu wanda za ka kira in ta ƙi. Kai ne injiniyan kanka.

Kafin ka sauke komai

Mataki na farko ba ya cin ko sisin data. Ka tabbatar Windows tana ganin hannun. Danna maɓallin Windows tare da harafin R, wani ɗan akwati zai fito, ka rubuta joy.cpl ka danna Enter. In sunan hannunka ya bayyana, ka buɗe "Properties" ka danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya, za ka ga suna haske. In babu komai a jerin, to babu manhajar da za ta taimake ka, matsalar tana ga igiya ko ramin USB. Ka canza rami, ka gwada a wata kwamfutar.

A nan kuma ka duba wani ɗan maɓalli da ke tsakiyar hannun, wanda aka rubuta wa "Analog". A irin waɗannan hannaye, in jar fitilarsa ba ta kunne, sandunan nan biyu ba sa aiki yadda ya kamata. Mun ga wanda ya yini yana zagin manhaja, alhali wannan maɓallin ne bai danna ba.

Mataki na biyu, ka tambayi kanka ko ma kana bukatar tafintan. Wasu gem ɗin suna jin yare biyun. Alal misali, da yawa daga cikin fitowar PES ta kwamfuta suna zuwa da wani fayil mai suna Settings a cikin foldarsu, inda za ka zaɓi DirectInput da kanka ka jera maɓallai. Haka nan in gem ɗinka ta Steam yake, ita Steam tana da nata tafintan a cikin saitinta. Wanda yake da rijiya a gida ba ya sayen ruwan garuwa.

Mataki na uku, inda ƙaninmu ya faɗi: daga ina za ka sauke? Wuri biyu kawai muka yarda da su, shafin manhajar na asali, wato x360ce.com, da kuma shafinta na GitHub. Duk shafin da ya cika da manyan korayen maɓallai masu cewa ka danna nan, ko ya ce sai ka fara girka wata manhajar kafin ya ba ka wannan, ko ya nemi lambar wayarka, ka rufe shi. Kuma kada ka karɓa daga filashin aboki don tsimin data, ba ka san kwamfutoci nawa ya zaga ba. Manhajar ba ta da nauyi.

Iri biyu ce, kada ka haɗa su

Rabin rikicin da ake samu ya samo asali ne daga rashin sanin cewa x360ce iri biyu ce, kuma aikinsu ya sha bamban. Sai mutum ya sauke ta 4, ya bi bayanin wani bidiyo da aka yi a kan ta 3, ya ce abu ya ƙi.

Ta 3, wato tsohuwar, a cikin foldar gem ake ajiye ta. Tana ƙirƙirar wani fayil mai suna xinput1_3.dll a gefen gem ɗin. Da gem ya tashi neman fayil mai wannan suna, sai ya fara cin karo da na kusa da shi, ya ɗauka shi ne na Windows. Ita kuwa ta 4 ba ta shiga foldar gem ko kaɗan. Tana ƙirƙirar hannun Xbox na ƙarya ne a cikin Windows ɗin kanta, wanda kowane gem zai gani.

Matsalolin ta 3 da maganinsu

Na farko, manhajar tana zuwa ne a ƙunshe cikin fayil ɗin zip. In ka buɗe ta daga cikin ƙunshin kai tsaye, ba za ta ajiye fayilolinta inda ya dace ba. Ka danna ƙunshin da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi "Extract All", sannan ka kwafi abin da ya fito.

Na biyu, ina za ka kai ta? Dole ta zauna a folda ɗaya da ainihin fayil ɗin da ke tayar da gem, ba kusa da hotonsa na fuskar kwamfuta ba. Wancan hoton alama ce kawai, kamar allon da ke nuna hanyar gari. Ka danna shi da maɓallin dama, ka zaɓi "Open file location", zai kai ka. Amma a kula, wasu gem ɗin suna da fayil na share fage a waje, na gaskiyar kuma yana can ciki, a wata folda mai suna irin su bin ko Binaries. In ka ajiye a waje bai yi ba, ka leƙa ciki.

Na uku, kuma shi ne ya fi kayar da mutane: 32 ko 64. Ta 3 tana da kwafi biyu, na 32-bit da na 64-bit, kuma wanda za ka zaɓa ya danganta ne da gem ɗin, ba da Windows ɗinka ba. Windows mai 64 tana iya ɗaukar gem mai 32, to shi wannan gem ɗin kwafin 32 yake so. Yadda za ka gane: ka tayar da gem, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, jerin abubuwan da ke aiki zai fito. In ka ga an rubuta 32 bit a gefen sunan gem ɗin, shi ke nan. In ba a rubuta komai ba kuma Windows ɗinka mai 64 ce, to gem ɗin mai 64 ne. In ka haɗa su ba daidai ba, ko dai gem ya yi kamar bai san da hannun ba, ko ya ƙi tashi gaba ɗaya ya nuno maka lambar 0xc000007b. In haka ta faru kada ka tsorata, ka goge fayilolin da ka ƙara, gem zai dawo yadda yake.

Na huɗu, idan ka buɗe manhajar karon farko za ta ce ba ta ga xinput1_3.dll ba, ta tambaye ka ko ta ƙirƙira. Wannan ba matsala ba ce, ka danna "Create". In ta ce ba ta da izinin rubutu, to gem ɗin yana cikin foldar Program Files ne, wadda Windows take gadi. Ka rufe, ka danna manhajar da maɓallin dama, ka zaɓi "Run as administrator".

Na biyar, komai ya yi kore a cikin manhajar amma gem har yanzu kurma ne. A nan sau da yawa suna ne. Ba kowane gem ne yake neman xinput1_3.dll ba. Wani xinput1_4.dll yake kira, wani xinput9_1_0.dll, tsofaffi kuma xinput1_1.dll ko xinput1_2.dll. Ka yi kwafin fayil ɗin, ka sa masa ɗaya daga cikin sunayen nan, ka gwada, in bai yi ba ka koma na gaba. Alamar nasara ita ce wata 'yar ƙara da za ka ji daidai lokacin da gem yake tashi. Wannan ƙarar tana nufin gem ya ɗauki fayil ɗin.

Idan ta ce wani fayil ya ɓata

Manhaja ba ta tsayawa da ƙafarta ita kaɗai, tana jingina ne da wasu kayan aikin Microsoft. Uku ne aka fi rasawa: .NET Framework, da Visual C++ Redistributable, da kuma DirectX End-User Runtime na watan Yunin 2010, wanda nauyinsa ya kusa megabait 100. Saƙon da ya fito yakan gaya maka wanne ne babu, in ka iya karanta shi. Misali, in ya ce MSVCP120.dll ya ɓata, Visual C++ na 2013 yake nufi. In MSVCP140.dll ne, to na 2015 zuwa sama.

Ga gargaɗi da babbar murya: kada ka rubuta sunan fayil ɗin a intanet ka sauke shi shi kaɗai daga shafukan da ke raba irin waɗannan fayiloli. Ba ka san wanda ya taɓa shi ba, kuma nan ne ɗaya daga cikin ƙofofin da bairos yake shigowa. Ka je shafin Microsoft ka sauke cikakken kunshin, kyauta ne. Shi ma Visual C++ yana da na 32, wanda ake rubuta wa x86, da na 64. In Windows ɗinka mai 64 ce, girka duka biyun ba ya cutarwa.

Matsalolin ta 4

Ita ta 4 tana bukatar direba, wato ƙaramar manhajar da ke gabatar da na'ura ga Windows. Sunan wannan direban ViGEmBus. In babu shi, shafin "Issues" na cikin manhajar zai nuna maka, kuma daga nan za ka iya girka shi. Bayan haka yana da kyau ka kashe kwamfutar ka sake kunnawa. Ku sani cewa wanda ya rubuta wannan direba ya sanar a 2023 cewa ya daina sabunta shi. Har yanzu ana amfani da shi, amma duk shafin da ya yi maka tallar wani sabon fitowa, ka yi hattara da shi.

Daga nan ka danna "Add", ka zaɓi hannunka, ka jera maɓallai, ka danna "Save All". Sai babban kuskure: kada ka rufe ta. Ta 3 ce ake rufewa kafin a tayar da gem, domin ta riga ta bar fayil ɗinta a can. Ta 4 kuwa in ka rufe ta, hannun ƙaryar ya tafi tare da ita. Ka sauke ta ƙasa kawai, ta ci gaba da aiki a ɓoye.

Wata matsalar kuma, ka danna sau ɗaya gem ya motsa sau biyu, ko hannu ɗaya ya riƙa juya ƙungiyoyi biyu a filin ƙwallo. Dalili shi ne gem ɗin yana ganin hannaye biyu, na gaskiya da na sojan gona. Ko dai wannan gem ɗin ba ya bukatar tafinta tun farko, ka cire, ko kuma a ɓoye masa na gaskiyar da wata manhaja mai suna HidHide. Amma wannan ba mu ba ku shawarar ku taɓa shi a kwamfutar aro ba tare da wani babba da ya san kan abin ba, domin garin ɓoye hannu kana iya ɓoye na'urar da ba ita ka nufa ba.

Jera maɓallai

Ko wacce ka yi amfani da ita, wani lokaci za ka tarar maɓallin bugu yana ba da fasin, na fasin yana bugu. A gefen kowane maɓalli a hoton hannun akwai jerin zaɓi. Ka zaɓi "Record", ka danna maɓallin da kake so a hannunka, ka adana. In ɗan wasanka yana tafiya shi kaɗai ba ka taɓa komai ba, sandar ce ta saki, ba ta komawa tsakiya daidai. Ka ɗan ƙara abin da aka rubuta wa "Dead Zone", wato iyakar motsin da manhajar za ta yi watsi da shi. Kaɗan-kaɗan, kada ka cika, in ba haka ba sandar za ta yi nauyin ji. Masu tagwayen hannu kuma, irin biyun nan masu kai ɗaya, kwamfuta tana ganinsu a matsayin na'ura biyu ne, sai a saita kowanne a shafinsa. XInput ba ta ɗaukar fiye da hannu huɗu.

Dokoki uku da suka fi gem ɗin muhimmanci

Ta farko, ka canza abu ɗaya, ka gwada, sannan ka canza na gaba. Ƙaninmu ya sauya suna, ya sauya folda, ya sauya kwafi duk a lokaci guda, har ya rasa wanne ne ya ɓata wanne. Da muka zauna muka bi sannu, sai ga shi matsalarsa biyu ce kacal: gem mai 64 ne ya sa masa kwafin 32, sannan gem ɗin xinput9_1_0.dll yake nema. Minti goma sha biyar muka gama. Sauri ya haifi nawa.

Ta biyu, ka karanta saƙon kuskure kafin ka rufe shi. Ka kwafe shi a takarda harafi da harafi, ko ka ɗauki hotonsa. Wanda ya je wurin likita ya ce "ba ni da lafiya" kawai bai taimaki kansa ba. Haka nan in manhajar tsaro ta yi kuka, kada ka kashe ta don wani a bidiyo ya ce a kashe. Gaskiya ne takan yi kuskure a kan manhajojin da ba na kamfani ba, amma ka fara tambayar kanka daga ina ka sauke. In ba daga asali ba ne, ita ce mai gaskiya.

Ta uku, kwamfutar aro amana ce. Ka nemi izini kafin ka girka komai, ka faɗi abin da za ka girka, kuma ka tabbatar akwai kwafin muhimman takardun mai ita a wani wuri. Ƙari a kan haka, gem ɗin da ake yi da mutane ta intanet da yawa suna da masu gadin maguɗi, waɗanda ke zargin duk baƙon fayil da suka gani a foldar gem. Kada ka ajiye fayilolin ta 3 a irin waɗannan, suna iya janyo a rufe maka asusu.

Ita dai Anti ta miƙa aikinta a kan lokaci. Ƙanin namu ya faɗa mata abin da ya faru da bakinsa, ya sha faɗa, aka hana shi kwamfutar mako guda, sannan aka dawo masa da ita bisa sharaɗin awa ɗaya bayan la'asar. Yanzu shi ne yaran layinmu suke kawo wa hannayensu, kuma abin da yake fara tambayar kowa shi ne, "Me saƙon ya ce?" Ya fara maganar karanta kimiyyar kwamfuta, mun ce masa to ya fara gyara lissafinsa tukuna.

Wanda ya gwada waɗannan matakai ya ga wani saƙon da ba mu ambata ba, ya rubuto mana shi yadda yake, tare da sunan gem ɗin da irin Windows ɗinsa, za mu duba mu amsa a wannan fili. A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu yi bayanin yadda ake gane shafin sauke manhaja na jabu tun kafin a danna. A yi hutu lafiya, kuma kada a manta da littafi.